Kitsen Jinin Hassan

Daren Talata, watan Sha'aban, Runjin Sambo

Yau ni da Hassan, abokin tagwaicina, muka koma asibiti jin sakamakon gwajin jini. Ciwon hanta ɗaya gare mu, likita ya ce wataƙila tun muna jarirai muka ɗauka. Kitsen jinina daidai yake, nashi kuwa ya yi ƙasa ƙwarai.

Hassan ya yi dariya ya ce, "Kin gani, Hussaina? Kowa na ƙiba da kuɗɗin mai, ni ɗai nat tsira."

Da ya fita tada babur, likita ya tsai da ni. Ya ce hanta ke yin wannan kitsen, ta Hassan ce ta gaji. Wai cutar ta fi cin maza. Na ce mishi ai ciki ɗaya muka kwanta, nono ɗaya muka sha.

A hanya na riƙe Hassan, ina jin haƙarƙarinshi ta cikin riga. Muna kai Ƙofar Dundaye, unguwar Inna, ya tsaya ya ce, "Taho mu yi ma Inna albishir."

Na bar shi ya faɗa. Inna ta yi hamdala ta shafa, ni ma na shafa. Ya Allah, da wane baki zan gaya musu?