Baba Ya Ambaci Sunana da Girkanci

Gwaggo Ladi, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki sakaya sunana. Kwana tara ke nan ina ɗauke da wata magana, na rasa wanda zan sauke wa.

Ni malamar firamare ce a Birnin Gwari. Shekarata talatin da ɗaya, aurena ya mutu, ina zaune ni kaɗai a ɗakin haya. Asalinmu wata ruga ce kusa da Kuyello. Shekara takwas da suka wuce ɓarayin daji suka kore shanun mahaifina kaf cikin yini guda, ko maraƙi ba su bari ba. Bayan wata biyar mahaifiyarmu ta rasu. Baba ya kasa zama yana kallon inda garken yake a da, sai ya bi masu tafiya. Mun kusa shekara ba labari, har mun fara yi masa addu'ar mamaci, sai ga waya daga ƙasar Girka. Ya samu wani tsoho mai tumaki a kan tsauni, shi ya riƙa yi wa kiwo.

Ni ce 'yar farinsa, kin kuma san abin da wannan yake nufi a wajenmu. Kakata ce ta raine ni. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana, ƙanena Sadisu yake aika a kira masa "waccan". Ranar ɗaurin aurena ma kiwo ya tafi. Ban riƙe shi da komai ba, shi ma haka aka yi masa. Gaisuwarmu ta waya ba ta wuce minti biyu: lafiya lau, ya aiki, a gaida mutane.

Bana tsohon nan ya mutu, 'ya'yansa suka sayar da tumakin. Wani Bafulatanin Gini ya samo wa Baba aiki a gonar shanu a Italiya, kuma ƙarshen watan nan zai shiga jirgin ruwa. To, Girkancin da kunne ya koye shi, ba ya karanta boko sai ajami, Italiyanci kuwa ko sunan ruwa bai sani ba. Sadisu yana kabu-kabu a Kaduna, ya ce ba shi da lokaci. Haka aikin ya faɗo kaina.

Ga yadda muke yi. Baba zai aiko saƙon murya, ya faɗi jimla da Girkanci a hankali. Lokacin tara sai in ari wayar abokiyar aikina Praise, in koma bayan aji inda sabis yake kamawa, in kunna muryarsa a wayata, manhajar fassara ta wayarta ta saurara ta juya zuwa Italiyanci. Sai in yi ta maimaitawa kamar aku har bakina ya kama, in naɗa, in tura masa, shi kuma ya rubuta da ajami a littafinsa. Mun gwada da Hausa tun farko, amma manhajar ba ta gane Hausarsa ba, shirme kawai take kawowa. Shi ya ce a yi da Girkanci, tunda da waɗannan kalmomin ya ci ya sha shekara bakwai.

Bai taɓa gaya mini ma'anar abin da yake faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Amma tun makon farko Praise ta nuna mini inda zan danna in ga ma'anar da Hausa, kuma Allah ya yafe mini, ban bar jimla ko ɗaya ban leƙa ba. Nawa ne burodi. Ina tashar mota. Ina ne gabas. Akwai naman alade a ciki? Saniyar nan ba ta tuƙa. Wannan ta ƙarshe har dariya ta ba ni, na ce mutumin nan bai ga shanun ba ya fara yi musu jinya. Gwaggo, na ji daɗin watanni biyun nan. Ina dawowa ɗakina ba mai ce mini sannu, amma ina da muryar Baba a waya, kuma abin da na ji daga bakinsa a ciki ya fi wanda na ji a shekara talatin.

Sai jimlolin suka canza. Ƙirjina yana ciwo. Ina tari, akwai jini a ciki. Kada ku gaya wa mai gona, zan iya aiki. A ƙarshen wannan saƙon kuma ya koma Hausa ya ce yana lafiya lau, a gaida mutane. Na fassara na tura kamar yadda na saba.

Saƙon ƙarshen shi ne ya tsayar da ni. Kafin manhajar ta gama aikinta na riga na ji, don suna ba ya buƙatar fassara. Ma'anar ita ce: Ina da 'ya, malamar makaranta ce, sunanta wance, ita ce babba, in na faɗi ga lambarta. Ya faɗi sunana cikakke, yadda kakata take faɗa. Na zauna a bayan ajin nan ina kuka har aka kaɗa ƙararrawa. Ban san sau nawa na sake kunna shi ba.

Har yau ban tura masa Italiyancin ba. Na yi masa ƙaryar sabis. Sau ɗaya ya tambaya ko aikin bai samu ba, bai ƙara ba.

In na nuna masa na fahimta, na san halinsa, kunya za ta sa ya daina aikowa, in koma "waccan". In na yi shiru, zai shiga jirgi da jini a ƙirji. Kuma bari in faɗi wadda ta fi ba ni kunya: wani sashe na zuciyata ba ya son aikin nan ya ƙare, don ranar da littafinsa ya cika ban san me zai sa ya sake nemana ba. Gwaggo, yaya zan yi?

'Yar fari, Birnin Gwari

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya ba Baba lafiya.

Tsoronki yana da tushe. Mutumin da aka raba da garkensa, abin da ya rage masa shi ne mutuncinsa, kuma in kika kira shi kika fashe da kuka kina cewa kin san komai, zai iya rufe ƙofar da kyar ta buɗe. Ba zan ce ki yi haka ba. Leƙen da kika yi kuwa, ki daina dukan kanki a kansa. Wace 'ya ce za a ba ta maganar ubanta ta miƙa, ta rufe ido?

Sai dai ina ganin kin raina wayon Baba. Makiyayin da yake duban garke sau ɗaya ya san wadda ta ɓace, ya yi shekara bakwai cikin mutanen da kowa yake fassara da waya, shi ne bai san 'yarsa malama za ta iya ganin ma'ana ba? Ban shiga zuciyarsa ba, amma ki lura: da lambar waya kawai yake son bari, ta Sadisu ta fi kusa da al'ada. Taki ya bayar, ya kuma aiko wa mai sunan da kanta. Ni a ganina labule ya samu, ya tsaya a bayansa ya faɗi abin da ba zai iya faɗa da Hausa ba.

Amma kunya ba ta maganin tari. Tari da jini ba abin jira ba ne. Yana iya zama tarin fuka, wanda ake warkewa in an fara magani da wuri, yana iya zama wani abin, likita ne kaɗai zai sani. Gara a duba shi a inda yake jin yaren likitan, kafin ya je inda komai sai ya buɗe littafi. Kwana taran da kika riƙe saƙon nan daga cikin kwanakinsa kika ɗebe su, 'yata, don haka ya isa.

Gobe lokacin tara ki tura masa Italiyancin da ya nema, yadda kika saba. Ki ƙara masa biyu da bai nema ba: ku kai ni asibiti, da kuma ina shan magani. Sannan ki juya manhajar, ki sa naki kalmomin ta mayar miki da su Girkanci, ki maimaita har bakinki ya kama. Kada su yi yawa. Baba, ka ga likita kafin jirgi. 'Yarka tana jira. Ba ki cire masa labulen ba, kin je kin tsaya a ɗaya gefen ne.

In mako ya wuce bai je ba, ki nemi babban da yake jin maganarsa a gida, ki kuma gaya wa Sadisu, don wannan kayan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ko da Baba zai yi fushi, uba mai fushi ya fi uban da za a kira ki a kansa da yaren da ba ki ji. Ke ma kada ki bar muryar waya ta zama ita kaɗai ce abokiyar hirarki. Praise ta ara miki wayarta wata biyu, ina jin za ta ara miki kunnenta.

Batun ranar da littafin zai cika kuwa, kwantar da hankalinki. Ba don nawa ne burodi ya faɗi sunanki ba. Allah ya ba shi lafiya, ya kai shi lafiya, ya nuna miki ranar da za ki ji sunan nan da Hausa.

Gwaggo Ladi