Aksul ɗin da Ka Zaɓa mana daga Jidda

Fagge, Kano
9 ga Yuni, 1976

Zuwa ga Yaya Salmanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a zamanku na Jidda. Mu nan gida lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta fara zuwa unguwa ba sanda. Ƙanwarmu Ummakulsum ta sauka makon jiya, namiji, an sa masa sunan marigayi Baba. Ruwa ya sauka sau biyu, layinmu ya koma caɓi kamar yadda ka bar shi.

Yaya, maganar motarka ce ta sa na zauna rubutu, kuma ka yi haƙuri, raina a ɓace yake. Ni malamin firamare ne. Da ka bar mini roka, babbar motar kayan nan, na kula da ita, ce mini ka yi aikina kawai na riƙa jin ta bakin direba. Sai ga takardarka, shafi uku, wai manyan motocin da kake gani a hanyar Makka manyan tayoyi gare su da aksul mai gudu, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya, shi ya sa ba sa shan gas, don haka a yi wa tamu haka nan take. Na san wahalar mai ce ta dame ka. Gaskiya ne, a ƙasar da ake cewa mai ya yi mana yawa, direbanmu Goni yakan wuni a layi kafin ya cika tanki. Amma ai tambaya ya kamata ka yi, ba umarni ba.

Na kai takardar garejin Ambrose a Sabon Gari, na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗaga ƙafar baya da jak, ya yi wa taya alama da alli, ya ce na juya farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji ga aksul, ina ƙirgawa. Sai da ta juya kusan sau bakwai taya ta zagaya sau ɗaya. Ya ce aksul ɗin da kake so sau biyar ne kawai, inji zai huta a shimfiɗaɗɗen titi, amma ƙarfin ja zai ragu. Taya lamba goma sha ɗaya a madadin lamba tara ma irin wannan aikin take yi. Ya ce a yi ɗaya in an matsa, biyun sun yi wa injin yawa, musamman da yake hanyarmu ta Anacha ce, kuma da lodi muke hawowa Jos. Goni ma ya faɗi haka, har sau uku. Ni kuma na tuna kai ne babba, motar taka ce, na ce su yi yadda ka rubuta. Wannan laifin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

A tafiya, Goni ya ce daga Kano zuwa Zariya motar kamar ba ta taɓa ƙasa, har ya fara tunanin ko shi ne bai fahimta ba. Dawowar ce ta tona asiri. Sun ɗauko durom ɗin manja na Madam Veronica, wadda ta shekara shida ba ta ba wa kowa kayanta sai mu, ita kanta tana zaune a gaba. Tun daga Lafiya ƙaramin tudu ma sai ya dawo giya ta biyu, injin yana ta kuka, gas ɗin da ka so a rage ya fi na da tafiya. A Hawan Kibo, giya ta ɗaya ma ta kasa. Kulocin ya ƙone, motar ta fara komawa baya, burki bai riƙe nauyin ba. Allah ya ba Goni dabara, ya karkatar da ita ya jingina bayanta da dutse. Da ɗaya ɓangaren ya juya, da ta'aziyya kake karantawa yanzu. Durom huɗu suka fashe, Madam Veronica ta karye a hannu.

Na je duba ta a gida, ban san da wane ido zan kalle ta ba. Ba ta yi faɗa ba, ta ce dai 'ya'yanta sun hana ta sake shiga motarmu. Goni kuwa ya zo har zaure ya ajiye makulli a kan tabarma, ya ce, “Malam Isyaku, shekara goma sha huɗu ina jan motar gidan nan, ba ta taɓa komawa da baya ba sai da aka fara tuƙa ta daga Jidda.” Ya yi sallama ya fita.

Ban jira izininka ba wannan karon. Na sa Ambrose ya mayar da tsohon aksul, wanda Allah ya sa bai rabu da shi ba, aka sa taya lamba goma, tsaka-tsaki, ya kuma gyara famfon gas, wanda ya ce shi ne tun farko ke ɓarnar man. Goni ya ƙi sauraron kowa kwana goma sha biyu, sai da Inna ta tafi gidansa da ƙafarta. Shekaranjiya ya dawo daga Anacha, ya hau Kibo lafiya, kuma gas ɗin da ya sha ya ragu da galan shida. Har yanzu iyakarmu da shi gaisuwa. Don Allah ka rubuto masa da hannunka, ita ma Madam Veronica haka, kada ka haɗa da shawara ko ɗaya.

Ka gaida Yaya Aishatu da yara, da Alhaji Kyari in kun haɗu a masallaci. Ummakulsum da maigidanta suna gaisuwa, haka Hajja ta makwabta. Inna tana sa maka albarka, ta kuma ce na gaya maka, in za ka sake aiko mana da wani abu daga Jidda, to ya zama dabino.

Wassalam.

Ƙaninka,
Isyaku