Kawu Zai Zauna a Teburinmu Ranar Asabar

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, yayyafin farko a kan busasshiyar ƙasa,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kwana goma sha biyu bai ji muryarki ba. Kwana goma sha biyu! Sau uku ina shiga laburarenku, sau ukun kuma abokiyar aikinki nake tararwa, tana leƙo ni ta saman tabarau tana cewa, "Malam, yau ma littafi ka zo aro, ko mai littafin?" Sai in ɗauki wanda na riga na karanta in fita.

Kin tuna ranar da na fara shigo miki da ƙaton littafin nan na Turanci? Littafin wasan labari da ake yi a kan tebur, inda kowane ɗalibi yake zama wani jarumi, ya faɗi abin da zai aikata, a jefa ƙwaya irin ta ludo mai fuska ashirin ta nuna ko ya dace. Ɗalibaina suna son wasan kamar me, amma kalmominsa suna sarƙe musu harshe, don yawancinsu biyu ne aka ɗaure wuri ɗaya. Na ce zan mayar da su Hausa. Kika jawo kujera kika ce a nuna miki.

Ke kika koya mini gwajin da ban taɓa gani a littafin nahawu ba. Duk kalmar da muka haɗa, sai kin faɗe ta sau uku da numfashi ɗaya. In harshe ya yi tuntuɓe a tsakiya, ki ce ba su saba da juna ba tukuna, a raba su. In ta gangara sumul kamar faɗi-tashi ko ka-ce-na-ce, ki ja mata ɗan layi a tsakiya da jan biro. Haka muka samu mai-jan-labari, wato ni da nake jagorantar wasan. Haka muka samu sauran-numfashi, lambar da ke nuna ƙarfin da ya rage wa jarumi. Muryarki takan hau a gaɓar farko, ta sauka a ta ƙarshe kamar tsuntsuwar da ta san reshenta. Ni kuwa ina gefe riƙe da fensir, na manta me zan rubuta. Wace kalma ce za ta ratsa leɓɓanki ta fito ba daɗi?

Sau ɗaya tak na ƙi jin maganarki, kuma shi ya ja mana. Jifan da ake yi idan jarumi yana bakin halaka, kika ce a kira shi jifan-tsira. Na ce jifan-sa'a ya fi zaƙi. Kika ce warin caca yake yi, na yi miki taurin kai irin na malamai. Sai ga Kawu ya zo laburare ɗaukarki, ya tarar da ni a tsakiyar yara goma, ƙwaya tana birgima, suna ta ihun "Jifan-sa'a! Jifan-sa'a!" Mutumin da ya rene ki tun kina rarrafe, wanda ban cika mako da zuwa gabansa neman aurenki ba, me kike so ya ɗauka? Ya ce ba zai ba ɗan caca 'yarsa ba. Kika yi shiru don kada ki saɓa masa. Ban ga laifinki ba, farin watana, amma shirun nan ya fi dutse nauyi a ƙirjina.

To saurari albishir! Jiya da aka tashi daga makaranta na tafi shagonsa na gyaran agogo da littafin kalmominmu. Ya bar ni a tsaye har ya gama ɗaure wani agogon hannu, gilashi maƙale a idonsa. Sannan ya karɓa, ya dinga bin layukan da tsinin sukudireba. Ya ce, "Wanda ya ci, me yake kwashewa?" Na ce babu mai ci, Kawu, tare suke tsira ko su faɗi tare. Ya ce, "Ikon Allah, kowa ya tashi hannu rabbana ke nan." Da ya iso kan mai-jan-labari sai ya faɗe ta sau uku da numfashi ɗaya, nan na gane inda kika gado gwajinki. Ya yamutsa fuska ya ce, "Labari akuya ne da za ka ja shi? Saƙa shi ake yi, Malam. Rubuta masaƙin-labari." Wallahi tasa ta fi tamu!

Ya ce zai zo ranar Asabar da ƙarfe huɗu, a yi wasan da shi, ya gani da idonsa, sannan ya ba ni amsa. Har ya zaɓi wanda zai zama: tsohon maƙeri mai kunnen ƙashi. Ya kuma ja mini kunne kada in rage masa sauran-numfashi don na ga furfura.

Bai ce ya yarda ba, ba zan yi miki ƙari ba. Amma wanda ya rufe ƙofa da gaske yana tsayawa gyaran kalma? Na bi shafi goma sha ɗaya na goge jifan-sa'a na mayar da jifan-tsira, kuma na yi miki alkawari, duk ranar da kunnenki ya ƙi wani abu, bakina ba zai sake kare shi ba.

Abu ɗaya nake roƙo, ya ke furen da ke buɗewa ba hayaniya. Ki zo. Ki zauna inda Kawu zai gan ki. Wasan zai iya wanke ni daga zargin caca, amma ba zai gaya masa ko kina so na ba. Idan an gama ya ɗago kai ya dube ki, don Allah kada ki sunkuyar da naki.

Naki ne ni, ko Kawu ya amsa ranar Asabar ko ya ƙara mini wata Asabar ɗin, ba ni da wata ƙofar da zan ƙwanƙwasa sai taki,

Malamin nan naki mai taurin kai, wanda ya tuba.