Ƙwayoyin da Suka Tsaya Cak

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Yara fa, har yanzu Auta na cika ki da surutu?

Ni lafiya lau nake. Ɗakin bincikenmu dai akwai sanyi, yatsuna duk sun tsattsage, abinci ma a tsaye nake ci ni kaɗai. Kada ki gaya wa Inna.

Kin tambayi aikina. A jikinmu akwai wasu ƙananan saƙonni, mikro-RNA, masu ba ƙwayoyin jiki umarni. Muna zargin wasunsu ne ke buɗe wa ciwon dajin ciki hanya har ya kai hanta, kamar yadda ya yi wa Baba. Na yi watanni ina ƙoƙarin toshe ɗaya a farantin gwaji, abu ya ƙi. Makon jiya na leƙa na'urar hangen ƙananan halittu, sai na ga ƙwayoyin dajin sun tsaya cak, ba su bazu ba. Na ruga na kira shugabarmu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Zauna ki sha ruwa, gobe ki sake gwadawa." Na sake, haka aka ƙara samu.

Ba magani ba ne tukuna, da sauran tafiya. Amma don Allah ki kai Kawu a duba cikin nan nasa, kada ya ce gyambo ne kawai. In an gano da wuri, ana iya cin ƙarfinsa. Idan ya yi gardama, ki miƙa masa waya, ni zan ji da shi.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki