Tayin da Inkeri Ta Karɓa

Asabar, 6 ga watan Bahman

Sun iso. Allunan zamiyar kan ƙanƙara na Nastaran, sababbi fil, bayan kusan shekara ina bin wani direban Tabriz da waya. A cikin darduma ya naɗo su daga Turkiyya, wai a kan iyaka har an taya dardumar. Na wasa bakin ƙarfensu, na goge su da kaki, na rubuta sunanta a gindin kowanne, na jingine su bayan kantar shagona. Duk wanda ya shigo hayar kaya ya gani, ya san mu ma 'yan ƙauyen Shemshak muna nan.

Alhamis ce gasar. Gurbi ɗaya tak aka ware wa mata a tawagar da za ta babbar gasar hunturu, kuma 'yar ƙasar da ta fi saurin saukowa ita za ta samu. Wato ko Nastaran, ko Delaram 'yar likitan nan ta Tehran mai sauya alluna kamar safa. Sauran dai rakiya.

Nastaran ta shafa bakin allunan da babban yatsa ta ce, "Khale, kamar reza." Khale take ce min, wato 'yar'uwar uwa a harshenmu. Na ce to wa ya wasa? Tun da ƙanwata ta rasu ta bar min ita, wannan rana nake wa tanadi.

Lahadi, 7 ga Bahman

Bakina. Wannan bakin nawa.

Baƙin waje sun fara zuwa. Da hantsi wata doguwa ta shigo, 'yar Finland, Inkeri. An ce ta taɓa zama zakara a can nahiyarsu kafin gwiwarta ta tsage, yanzu tana lallaɓowa ta ƙananan gasa. Jirgi ya sauke ta a Tehran, ya wuce da allunanta wata duniyar. Ta duba na haya ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza kai. Da gaskiyarta, na 'yan hoton ranar Juma'a ne. Sai idonta ya faɗa bayan kantar shagon. Ta ɗaga, ta gwada da tsawonta, ta ce masu kyau ne.

Ni kuwa, da Turancina na kasuwa: "Ba su kai darajarki ba. Naki ne, ɗauki."

Abin da nake faɗa wa kowa tun ina sayar da safar hannu a kasuwar Tajrish! Ka yaba, in yi tayi, ka ce a'a, in nace, ka rantse, kowa ya tafi da abinsa da mutuncinsa. Yaron goye ma ya san wannan.

Ta tsaya tana kallona. Idonta ya ciko. Ta rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, ta ce za ta dawo da su Alhamis da yamma. Ta saɓa a kafaɗa ta fita.

Ina tsaye, hannuna na kan ƙirji tukuna. Agha Hushang mai shayi yana bakin ƙofa da farantinsa, ya ga komai. Ya ce, "Shokuh Khanom, ni ma fa shagon nan ya daɗe yana burge ni."

Litinin, 8 ga Bahman

Na gaya wa Nastaran. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi min. Ta ajiye cokali cikin miyar ash ta ce, "Khale, kin yi mata tayi sau nawa?"

Na ce sau ɗaya.

"Kuma ta ɗauka."

Na ce ba ta da tarbiyya, shi ya sa.

"Ko kuma ta zaci mutum ne ya yi magana."

Wannan ta shige ni.

Na ce zan je otal in karɓo, ai ba sadaka na yi ba. Ta ce in je mana. Tun jiya Inkeri ta sa hotona da allunan a waya, ta rubuta cewa ba ta taɓa ganin mutane irin na ƙauyen nan ba. Shugaban gasa ya kira kocin su Nastaran yana sa min albarka. Mai gidan burodi ya ƙi karɓar kuɗina yau, shi kam da gaske. Duk gari na yi min kallon waliyyiya. In je in ƙwace daga hannun baƙuwa, a gaban ƙasashe? Sai dai mu bar Shemshak da ni da ita.

Nastaran ta shiga ɗaki ta jawo tsofaffin allunanta na bara. An wasa su har ƙarfen ya koma kamar zare.

Talata, 9 ga Bahman

Na kira filin jirgi har kunnena ya yi zafi. Wani ya ce kayan suna Istanbul, wata ta ce Doha, na uku ya tambaye ni ko allunan gini ne.

Na haɗu da uwar Delaram wajen layin hawa motar igiyar da ke kai mutane saman dutse, cikin rigar gashin dila har kunne. "Shokuh jan, mun ji abin alherin da kika yi. Wallahi kin burge mu. Gidanmu kowa sai addu'a yake miki." Na san addu'ar. Na ce Allah ya bar zumunci, in Delaram tana son aron tsofaffin namu ta yi magana.

Dabara ta zo min ina dawowa. In mai aro ta ga abin bai yi mata ba, da kanta take mayarwa. Ba a ce ka ƙwace ba. Gobe akwai gwaji a kan gangaren gasar, kuma yau da la'asar Inkeri ta kawo min allunan in gyara mata, wai ba ta yarda da hannun kowa ba sai nawa. Hannuna!

In dakushe bakin kaɗan, daidai ƙarƙashin ƙafa. Za ta ji suna sulɓewa a kwana, ta ce ba su karɓe ta ba, ta nemi na wata baƙuwar. In yi ta ba ta haƙuri. In gyara su cikin rabin yini. Wa ya mutu?

Laraba, 10 ga Bahman

Na yi. Da sassafe, kafin rana ta leƙo dutsen. Dutsen wasa na bi da shi a kaikaice, sau kaɗan, ba mai gani sai mai taɓawa.

Inkeri ta zo karɓa ta zauna a bencina tana ɗaure gwiwa. Ta naɗe wando, na ga tabon. Daga nan har nan, kamar an zuge jaka. Ta ga ina kallo ta ce likita ya gaya mata in ta sake faɗuwa a kansa, ba zamiya ba, matakala ma sai da sanda. Tana faɗa tana dariya. Ta fito da cakulan ƙasarsu ta ba ni. Na ce a'a, na gode. Ta mayar aljihu! Ko nacewa babu.

Jiya da yamma sun yi wa gangaren ban ruwa, ya kwana ya zama gilashi. Na sani. Kowa ya sani.

Sai ga Nastaran ta shigo ɗaukar sandunanta. Ta gaisa da baƙuwar, ta kai hannu kan allunan, halin 'yan wasa, ba sa ganin baki su ƙyale. Babban yatsanta ya tsaya. Ya koma baya. Ya sake bi.

Ba ta kalle ni ba. Da harshenmu, murya ƙasa ƙasa, fuskarta da murmushi saboda baƙuwa: "Khale, sunana ne a jiki."

Na ce gwaji ne kawai, za ta ji tun kwanar farko ta tsaya.

"A kan gilashi? Kin taɓa ganin irinmu ta tsaya a kwanar farko?"

Na ce don ke na yi.

"To ke ki je gasar. Wallahi in ta fita da su haka, ba na hawa gobe."

Inkeri na ta kallonmu tana murmushi, ta zaci hirar gida ce. Na ce mata ta yi haƙuri, na hango wani ɗan wuri da ban gama ba, mu nan ba ma sakin aiki rabi. Ta ce kin gani, shi ya sa na ce sai ke. Na juya mata baya na ɗauki magagari. Na hau wasawa.

Na mayar da su reza. Har sun fi na ranar Asabar, don haushi.

Laraba, da yamma

Tsofaffin na kan tebur. Abin da ya rage na ƙarfe a gefen hagu bai kai kaurin farce ba. Na wasa iya abin da zai ɗauka. In ta taka da ƙarfi a kwanar da ke ƙasan dutsen nan baƙi, ko ya riƙe ko ya ɓalle. Na gaya wa Nastaran ta bi a hankali a wurin. Ta ce a hankali Delaram take so ta bi.

Ba ta ci abinci ba. Ni ma.

Alhamis, 11 ga Bahman

Zagayen farko Delaram ta riga ta. Da kaɗan, amma ta riga. Uwar ta aiko min da dabino a faranti.

Tsakanin zagayen biyu na hau da magagari a aljihu. Gefen hagu ya fara buɗe baki. Na ce ta sauya ƙafa, na hagu ya koma dama, bakin da ya lalace ya koma waje. Ta ce ba ta saba ba. Na ce yau za ki saba. Ta kalle ni, karo na farko tun Litinin, ta cire ta sauya.

Ban kalli saukowarta ba. Ƙarya nake, na kalla ta tsakanin yatsu. A dutsen baƙi ƙafarta ɗaya ta tashi sama, mutane suka yi salati, na ji Agha Hushang ya saki farantinsa. Ta dafa ƙanƙara da hannu ta miƙe. Yadda ta yi ban sani ba. Ta bi ta tsakanin sauran sandunan da aka kafa a gangaren kamar ana korar ta.

Delaram ta sauko tsaf, ba kuskure ko ɗaya, kamar mai zuwa biki. Allon sakamako ya nuna. Nastaran ce, da abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Gurbin namu ne.

Inkeri ce ta ɗaya a duka. Wai an ji wata tsohuwa tana ihun sunanta tun daga kwanar farko. Allunan nake wa ihu, aikina ne a jiki.

Juma'a, 12 ga Bahman

Inkeri ta dawo da su. Ɗaya ya daki dutse a ƙarshen gangare, bakin ya tsage tsawon tafin hannu. Ba ya gyaruwa. Ta yi ta ba da haƙuri, na yi ta cewa ba komai. Komai ne. Tawaga za ta tashi ƙarshen wata, yarinya ba ta da abin hawa, direban Tabriz kuma sai baɗi.

Lahadi, 14 ga Bahman

Kayan Inkeri sun iso jiya, ashe suna Baku. Yau ta shigo sallama da doguwar jaka, motar filin jirgi na jiranta a waje. Ta zuge, ta fito da alluna guda biyu, irin waɗanda ba a sayarwa a shago, kamfani ke yi wa zakaru. Ta miƙa wa Nastaran ta ce, "Naki ne."

Yarinyar da na raina da hannuna ta dafa ƙirji. "A'a, wallahi ba zan iya ba, sun fi ƙarfina."

Inkeri ta gyaɗa kai. Ta ce to, ta gane. Ta mayar cikin jaka. Ta kama zip.

Nastaran ta yi fari fat, tana jiran tayi na biyu da ba zai zo ba har abada.

Ban san sanda na tsallake kanta ba. Na dafe jakar da hannu biyu na ce, "Mun karɓa. Tana so. Tun ɗazu take so. Mun gode." Kunnuwana kamar an zuba musu garwashi. Da uwata na raye da ta shiga ƙasa. Inkeri ta yi dariya ta ce ai da ma, me ya sa ba ta ce ba?

Da ta tashi tafiya na ce ta ba ni cakulan nan na ranar Laraba, in bai ƙare ba.

Talata, 16 ga Bahman

Wata 'yar Tehran ta yaba hular ulun da ke kaina. Na buɗe baki, na rufe. Na ce na gode, ƙanwata ce ta saƙa. Mura ce take damuna, shi ya sa ba na son dogon zance.

Agha Hushang ya tarar ina cin burodi da cuku, ya tsaya ya tsaya, ya ce, "Shokuh Khanom, yau ko tayi babu?"

Na ce zauna ka ci.

Ya dafa ƙirji zai fara. Na ce sau ɗaya zan faɗa, Agha.

Ya zauna. Ya cinye min cukun duka, mara kunya.