Ƙwarya Mai Tsaga a Baki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo ta Kunduru, wadda aka rufe ba da sanina ba. Gaisuwa mai yawa da ban girma daga ɗanki na fari, Ilu, a barikin kuza na Bukuru.

Bayan gaisuwa, Inna, labarin rasuwarki a bakin aiki ya iske ni. Ina wanke ma wani mutumin Fakuwa ta can ƙasarmu gyambo, cikin waɗanda gwamnati ta ɗebo dole don haƙar kuza, sai ya ɗago kai ya yi mani ta'aziyya. Tsammani yake na sani. Ashe har sadakar arba'in an yi.

Ya kuma isar da saƙon Baffa Sale, ƙanen mahaifina. Wai kin tafi da fushina. Wai in ina son a nuna mani kabarinki, in zo da goro da dattijo, in tuɓe hula, in durƙusa a zaure, in ce na bar bin Almasihu.

Ba zan ce ba. Na rubuta haka ne don mutanen Kankia da Kusada da ke barikin nan su ji, su kai gida yadda na faɗa, ba ƙarin gishiri.

Kin tuna shekarar da tabon ya fito mani a baya, aka ce kuturta ce? Aka yi mani bukka bayan rumbuna. Aka ware mani ƙwarya da ludayi, aka tsaga bakin ƙwaryar da wuƙa don kada wani ya ɗauka bisa kuskure. Da karan dawa ake turo mani ita. Ban riƙe kowa ba, tsoro ne. Baffa Sale ɗin nan da ƙafarshi ya taka har garin Boko neman mani magani, ban manta ba, kuma ba zan bari a manta ba.

Da maganin ya gaza aka kai ni asibitin kutare na mishan, can wajen Katsina. A nan na fara jin maganar da ta raba ni da gida.

Mun san yadda ake sulhu a garinmu. Mai laifi shi ke tashi, shi ke neman mai shiga tsakani, shi ke sayen goro. Wanda aka ɓata ma rai yana bisa tabarmarshi yana jira. Sai ga shi ana ce mana Allah bai jira ba. Mu muka yi laifin, shi ya taso. Shi ya aiko mai shiga tsakani, Yesu Almasihu, goron ma daga wurinshi ya fito, don rai Almasihu ya bayar bisa gicciye. Namu kawai mu karɓa.

Gaskiya dariya na yi. Na ce wannan rashin sanin girma ne irin na Turawa. Ina aka taɓa ganin babba ya je biko wurin yaro? Balle Baturen da ke faɗin maganar, ta ƙofar baya yake ganinmu, kuma bai taɓa miƙo mani hannu ba. Allurarshi dai ta tsai da ciwon, ta bar mani sauran yatsuna, wannan ba zan hana shi ba. Na riƙa zuwa sujada da rabin zuciya. Labari ya kai gida cewa Ilu ya zama Kirista, Baffa ya hana a ambace ni.

Sai ga ki.

Ke da ba ki taɓa kiran sunana ba don kunyar ɗan fari. Ke da in na shigo tsakar gida sai ki kau da kai. Kika tako da ƙafa, faso na zubar da jini, kika kwance ƙunshinki, sai ga ƙwaryata mai tsaga. Kika dama fura a ciki, kika miƙo mani ludayi hannu da hannu. Na sha. Kika karɓi ludayin nan, ba ki ɗauraye ba, kika sha. Matan da ke wurin suka yi salati.

Abin da kika ce ɗaya ne: "Kai wannan, ban yarda da hanyarka ba. Ƙara sha."

Kika shimfiɗa mayafinki gindin darbejiya kika yi la'asar, kika bar mani ƙwaryar, kika juya.

Ranar na gane abin da Bature ya kasa koya mani. Na ga babba ya taso. Ba ki jira na warke ba, ba ki jira na tuba ba. In uwa ta iya, me zai sa in ce Allah ba zai iya ba?

Ba zan yi maki ƙarya ba kina cikin ƙasa. Musulma kika rayu, Musulma kika mutu, kuma na san hanyata ta yi maki ciwo har ƙarshe. Amma ciwo daban, fushi daban. Wanda ya ce ba ki yafe mani ba, ya faɗa mani ina yake ranar da kika sha da ludayin kuturu.

Na gaji, Inna. Na gaji da sanyin duwatsun nan, da binne samarin ƙasarmu da aka kawo ba bargo. Na gaji da zama bare a gida, kuma yaro a wurin mishan. Amma gajiya ba ta kai in sayi kabarinki da ƙarya ba.

Ga abin da zan yi. In an yi girbi zan zo Kunduru. Zan zo da goro, zan durƙusa in gai da Baffa, don ubana ne. Kalmar da yake so ba zai ji ta ba. Ni aka ɓoye ma mutuwar uwata, ni ya kamata a zo ma, amma ni zan taso, domin ni ma haka aka yi mani sau biyu: Allah ya taso mani, ke ma kika taso mani. Zan dama fura cikin ƙwaryar nan in miƙa mashi ludayi. In ya sha, madalla. In bai sha ba, ni dai na zo.

In kuma ya hana a nuna mani kabarin, zan tsaya bakin maƙabarta in yi addu'a bisa dukanta. Ai kina ciki.

Allah da ya riga mu tasowa, ya tarbe ki yadda kika tarbe ni. Ya sanyaya makwancinki, ya sanyaya zuciyar Baffa, ya sanyaya tawa.

Ni ne ɗanki da ba ki kiran sunanshi,
Ilu.