Tsatsa a Idon Hagu

Talata, 6 ga Mayu

Wani abu ya faɗa mini a idon hagu ɗazu da hantsi. Ina goge bakin ƙarfe da inji, cikin ƙarafan taga da mai makaranta ya ba mu aikinsu. Tabarau na rataye a ƙusa, taku uku tsakanina da shi. Na ce aikin minti ɗaya ne.

Na wanke da ruwan buta. Dogo, ƙanena da muke shagon tare, ya ce, "Yaya, lafiya kake ƙifta ido kamar mai zawarci?" Na ce ƙura ce.

Shekara ashirin da shida ina walda. Ba yau ido ya fara cin tartsatsi ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Yana nan. Kamar tsakuwa a ƙarƙashin fatar ido. Da Dogo ya fita sayo waya, na ɗauko mayen ƙarfe na kara a idon ina kallon gutsuren madubin babur. Babu abin da ya fito sai hawaye.

Taga goma sha takwas, mun gama bakwai. Ranar Litinin yara za su koma aji, kuma azuzuwan a bene suke. Mai makaranta ya ce ba zai hau da yara sama tagogi a buɗe ba. Gaskiyarsa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Mai kemis ya leƙa idon ya ce, "Wannan na asibiti ne, maigida." Na ce ya ba ni na ɗigawa kawai, ban zo neman shawara ba.

A gida uwar yara ta tsare ni a bakin ƙofar ɗaki. "Malam, juyo nan in gani." Na ce hasken walda ne, gobe zai washe. Ta ce hasken walda ido biyu yake kamawa, ba ɗaya ba. Zama da mai walda ya sa ta san abin da bai kamata ta sani ba.

Juma'a, 9 ga Mayu

Haske ma ciwo ne yanzu.

Asabar, 10 ga Mayu

Abin da ya faru yau, dole in rubuta shi.

Babu wuta tun safe, muka tayar da janareta. Ni na zuba mai, ni na ajiye galan ɗin a ƙasa kusa da teburin aiki, da tsumman da na goge hannu a kansa. Kullum waje nake kai shi. Yau kaina na sarawa, na ce anjima.

Na sa gilashin walda na duƙufa. Idon hagu a rufe yake ruf, da dama kaɗai nake aiki. Ban ji komai ba saboda ƙarar janareta. Sai ji na yi an hankaɗe ni na faɗi kan ƙarafa. Da na cire gilashin, tsumman yana ci bal-bal a kan galan, robar ta fara lanƙwashewa. Dogo ya fizge tsumman da hannunsa, haka nan babu safa, ya yar a ƙasa, ya kife masa bokitin yashi. Ya shuri galan ɗin waje. Allah ya sa murfin a ɗaure yake.

Muka tsaya muna haki. Tafin hannunsa ya yi fari, fatar ta tashi. Na riƙe masa shi a ƙarƙashin famfo.

Can ya ce, "Yaya, wutar a gefenka take. Kamu ɗaya da ƙafarka."

Na dafe idon hagu da hannu.

"Ba ka gan ta ba ko?"

Na ce gilashi ne ya tare.

"Cire hannunka daga idon nan in gani."

Tunda aka haife shi bai taɓa yi mini magana da wannan murya ba. Ni na koya masa riƙon ƙarfe. Na cire hannun. Ya duba, ya ce innalillahi, ya je ya kashe janareta ya sa wa shago kwaɗo, makullin ya jefa a aljihunsa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Matar Dogo ta zo gaishe ni. Ba ta ce komai ba game da hannun mijinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Uwar yara ba ta yi faɗa ba ita ma. Ta ajiye mini kaya a bakin gado ta ce, "Gobe da sassafe. Da ƙafarka ko a ɗauke ka, zaɓi ɗaya."

Idan suka ce idon ya tafi fa? Mai walda da ido ɗaya. Wa zai tsaya kusa da ni ya riƙe mini ƙarfe?

Litinin, 12 ga Mayu

Likitar ido yarinya ce, ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ta sa na ɗora haɓa a kan wani inji, ta haska. Ta ce, "Baba, kwana nawa?" Na ce uku. Uwar yara daga bayana ta ce, "Shida."

Ta ɗiga maganin kashe zafi a idon, ta sa allura ta ciro ɗan ƙarfen. Ta nuna mini a kan auduga. Bai kai ƙwayar yashi ba. Wannan ɗan abin!

Ta ce ƙarfen ya yi tsatsa a ciki, sai ta kankare, kuma wurin ya fara ruɓa. Da ranar farko na zo, da aikin minti biyar ne. Yanzu tabo zai zauna. Na ce zan gani da shi? Ta ce, "Za ka gani, amma ba kamar da ba. Nawa zai dawo, sai mun jira."

Tagogin: Dogo ya kai wa maƙwabcinmu mai walda sauran ya ƙarasa. Bai tambaye ni ba. An buɗe makaranta yau, amma yara ba za su hau bene ba sai nan da kwana biyu.

Alhamis, 15 ga Mayu

Zaman gida. Bandeji a fuska, ɗigo duk bayan awa biyu. Na miƙa hannu zan ɗauki kofi na kifar da shi.

Laraba, 28 ga Mayu

An cire bandeji. Da hagu ina ganin mutum, amma kamar ta bayan labule. Likita ta ce watakila ya ƙara washewa kaɗan. Watakila.

Litinin, 2 ga Yuni

Na koma shago. Hannun Dogo ya warke, sai dai yatsu biyu ba sa naɗewa sosai. Yana ɓoye mini, ni ma ina yi kamar ban lura ba.

Da azahar maƙwabcinmu ya shigo aron inji zai yanke ɗan guntun ƙarfe. Ya jona, ya sunkuya, fuska a buɗe. Ban san lokacin da na tashi na zare wayar daga bango ba.

Ya ce, "Haba maigida, yanka ɗaya ne fa."

Na ce soket ɗin ne ke da matsala, ya je ya sa wani abu a idonsa kafin in gyara.

Dogo ya juya baya yana ta shirya ƙarafan da suke a shirye. Na san dariya yake.

Soket ɗin dai ya tsufa. Ko ba yau ba dama ina da niyyar duba shi.